Kafin ka ɗaura wa tarakta injin yankan ciyawa: magana da makiyaya da 'yan kasuwar Zango

Yau daga unguwar Zango ta birnin Kwatano muke magana, kuma batunmu shi ne injin yankan ciyawa da ake ɗaura wa tarakta a baya.

Wani zai ce, me ya haɗa Zango da makiyaya? Ai nan ba gona, ba hurumi, sai shaguna da masallaci da 'yan canji. To, haɗin yana da yawa. Kayan da ke sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano, sabo da na hannu, mutanen Zango ne ake bugo wa waya daga Paraku da Jugu da Kandi da Malanville a ce su duba su saya. Mai shanu yana can arewa, ya sayar da bijimai ya turo kuɗi, ɗan'uwansa ko maigidansa na nan ne zai je ya tsaya gaban ƙarfe ya zaɓa. In aka yi zaɓen tumun dare, asarar ta mai shanu ce, kunyar kuma ta ɗan aike. Shi ya sa maganar ta shafe ku duka biyu.

Mu fara da dalilin da ya sa makiyayi yau yake tambayar farashin inji. A watan Afrilu na 2019 Jamhuriyar Benin ta kafa dokar kiwo, sannan a watan Disamba na wannan shekarar ta hana shigowar garkunan ƙasashen waje don cin rani. Gwamnati ta fito da shirin zaunar da makiyaya wuri guda, wanda ake kira ProSeR, da tallafin bankin BOAD, aka soma da yankin Gogounou, kuma a 2021 aka kafa babban ofishi na musamman kan wannan aiki. A Najeriya ma jihar Binuwai ta hana kiwon sake tun 2017, jihohin kudu da dama suka bi sahu. Ko mutum yana so ko ba ya so, burtali yana ƙunci, tafiya tana raguwa. Da, in ciyawa ta ƙare sai a kaɗa shanu a bi ta inda take. Yanzu ciyawa ta zama amfanin gona: a shuka, a kula, a yanka, a adana. Wanda ke noman ciyawa kuwa, dole wata rana ya yi tunanin abin yanka.

Ga tambaya ta farko, kuma ita ce uwar sauran: me kake so injin ya yi maka? Kada ka ce yankan ciyawa kawai, domin yankan iri biyu ne, kuma injinansu daban.

Akwai yankan gyara. Shanu sun kiwata fili, sun ci mai laushi sun bar tsofaffin kara da ciyayin da ba sa ci. Ana bi a sare saman, don sabon toho ya fito, don kuma miyagun ciyayi kada su zubar da iri. Injin wannan aiki faffadan ƙarfe ne kamar murfi, da wuƙaƙe biyu ko uku masu juyawa a ƙarƙashinsa. A shagunan Kwatano sunansa gyrobroyeur, a gefen Najeriya silasha ake ce masa. Yana sara, yana daddatsewa, yana watsar da abin a ƙasa ya ruɓe ya zama taki.

Akwai kuma yankan adana, wato yin ingirici. Nan so ake a yanke ciyawa sau ɗaya daga gindi, ta kwanta da tsawonta da ganyenta, ta sha rana kwana biyu ko uku, a tattara a ɗaure. Injin wannan shi ne faucheuse, mai fayafayai ko mai ganguna masu juyawa, ko kuma tsohon yayi mai haƙora kamar zarto.

Kun ga inda ake faɗawa rami? Mutum yana son abincin rani, sai a sayo masa injin gyara, don shi ya fi yawa a kasuwa kuma ya fi araha. Ya shiga da shi gonar ciyawarsa, injin ya niƙe ta, ganyen da ke ɗauke da amfani ya kakkarye ya gauraya da ƙasa, abin da za a iya tattarawa bai taka kara ya karya ba. Injin bai yi laifi ba, aikinsa ya yi. Saboda haka ɗan aike, kafin ka taya, ka bugo waya ka tambaya: gyara ake so ko ingirici?

Bari mu ɗan yi lissafi don a ga nauyin abin. Masana kiwo suna auna saniya mai kilo 250 da cin busasshiyar ciyawa kilo shida da kwata a yini. Ranin arewacin Benin yana kai wata shida, mu ce kwana 180. Saniya ɗaya ke nan tana bukatar sama da tan guda. Mai shanu 30 yana bukatar fiye da tan 30 in ba su da wani abin ci. Ko da rabi za su samu daga karan gona da harawa da dusa, sauran rabin ba aikin lauje biyu ba ne. Wanda ke da irin wannan bukata, faucheuse yake nema, kuma ya sani bayanta akwai tattarawa da ɗauri da rumfar ajiya. Yanka shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Shi kuma injin gyara, yaushe yake biyan kuɗinsa? Idan filinka ya soma cika da abin da dabba ba ta ci. Mutanen Maradi da Doso sun san yadda garmani ya cinye musu makiyaya. A kudu da tsakiyar Benin akwai ciyawar nan da ake kira agatu, wadda 'yan Najeriya ke ce wa awolowo, mai rufe fili ta hana komai tsirowa. Ga tafasa, ga 'yan itatuwa masu tohowa daga saiwa. Irin waɗannan, in aka sare su kafin su yi fure, shekara bayan shekara, ƙarfinsu yana raguwa, ciyawar kirki ta samu sarari. In aka bari sai sun yi iri sannan aka shiga da inji, to an taya su shuka ne. Lokacin yanka ya fi ƙarfin inji muhimmanci.

Wani amfanin kuma, yana rage dogaro da wuta. Mun saba cinna wa daji wuta don a samu toho. Amma wutar tsakiyar rani tana cinye abincin da ya rage, tana bar ƙasa tsirara, wani lokaci ta tsallaka gonar kashu ko rumbun auduga na maƙwabci, daga nan sai rigima da zuwa gaban hukuma. Da injin gyara ana iya share layin kariya kewaye da fili tun ciyawa ba ta bushe ba.

Tambaya ta biyu: wace tarakta za ta ja shi? Inji ba ya aiki shi kaɗai, ƙarfinsa daga bayan tarakta yake fitowa, ta wani ɗan ƙarfe mai juyawa da ake haɗa shi da sandar da makanikai ke kira kardan. Abu uku za ka duba.

Na ɗaya, gudun juyin. Yawancin waɗannan injina an yi su ne don juyi 540 a minti, kuma bakin ƙarfen yana da tsaga shida. Akwai manyan taraktoci masu juyi 1000, galibi da tsaga 21. In ka ɗaura injin 540 a kan juyi 1000, kana wasa da ranka da na mutane. Ƙirga tsagar da hannunka, kuma ka karanta farantin da ke jikin injin.

Na biyu, hannayen ɗauka uku da ke bayan tarakta. Suna da aji. Ƙananan taraktoci aji na ɗaya, kaurin sandar ƙasa milimita 22. Matsakaita aji na biyu, milimita 28. In ba su dace ba ana iya saka zobe a cike, amma gara ka sani tun a Kwatano da ka gano a Gogounou.

Na uku, ƙarfi da nauyi. Inji mai faɗin mita ɗaya da rabi, tarakta mai ƙarfin doki 35 zuwa 45 tana iya masa. Mai mita 1.8 yana son doki 50 zuwa sama, musamman a ciyawa mai kauri. Tarakta irin Massey Ferguson 375, mai doki 75, da ake yawan gani a Najeriya, ba ta da matsala da wannan. Amma ka tuna, ƙarfin da ke isa baya bai kai wanda aka rubuta wa injin tarakta ba, kuma tsohuwar tarakta ta riga ta zubar da wasu dawakinta a hanya. In injin ya yi mata nauyi, gabanta zai riƙa ɗagawa, sitiyari ya daina jin magana. Gara ƙaramin inji da tarakta ke ja cikin natsuwa da babba mai sa ta hayaƙi.

Tambaya ta uku: yaya filin yake? Nan ne kayan Turai na hannu suke yaudarar mutane. A Ingila da Holan da Faransa, makiyaya shimfiɗe take, an share ta shekaru aru-aru, ciyawarta gajera mai laushi. Injinan da aka ƙera don can, da yawansu jikinsu siriri ne, wasu da bel suke juyawa, faɗinsu ya kusa mita uku. Su burge ido a filin sayarwa. Mu kuwa filinmu akwai kututture, akwai suri, akwai marmara, akwai kunyoyin doya da aka bari. Ciyawarmu gamba ce da kyasuwa da tofa, gamba kuwa tana wuce tsawon mutum, gindinta kamar tsintsiya. Injin da bai saba da wannan ba, damina ɗaya ta ishe shi.

Saboda haka ga abin da za ka laluba. Kaurin murfin: ƙasa da milimita huɗu, bar shi. Wuƙaƙe: su zama masu lilo, waɗanda in sun bugi dutse za su koma baya, ba waɗanda aka ɗaure kam ba. Akwatin giya: a jikinsa akan rubuta ƙarfin dokin da yake ɗauka, ya zama ya kai na taraktarka ko ya fi. Takalman gefe ko tayar baya da ake daidaita tsawon yanka da su: su kasance suna nan, suna kuma motsi. Sarƙoƙi ko labulen roba a gaba da baya, masu tare dutse: in babu, a sa kafin a fara aiki.

Sai abin kariya tsakanin tarakta da inji. Iri biyu ne. Akwai notin da aka yi shi don ya karye in wuƙa ta ci karo da abu mai tauri. Akwai kuma kuloci mai zamewa. Noti ya fi araha, amma a fili mai kututture za ka yini kana canzawa. Kuma ga gargaɗi, don Allah a riƙe shi: in notin ya karye, kada yaro ya je wajen mai walda ya samo wani mai taurin tsiya ya saka, wai don kada ya sake karyewa. An yi shi ne don ya mutu a madadin akwatin giya. In ya ƙi karyewa, giya ce za ta karye, ko ta injin ko ta tarakta. Kuloci kuma yakan kama tsatsa in ya daɗe a ajiye, balle a iskar gishirin Kwatano, don haka a sassauta shi a gwada kafin kowace damina. Masu tsofaffin taraktoci su ƙara da ɗan ƙarfen da ke barin wuƙa ta ci gaba da juyawa ita kaɗai in an taka kuloci, in ba haka ba nauyin wuƙar zai riƙa tura tarakta gaba alhali direba yana son tsayawa.

In na hannu za ka saya, kada ka tsaya kallon fenti. Fenti ba ya yankan ciyawa. Sa a ɗaga injin a tokare shi da kyau, ka kama wuƙa ka girgiza sama da ƙasa. In tana rawa da yawa, boris ya tafi. Duba ƙarƙashin akwatin giya ko mai yana ɗiga. Buɗe murfin mai ka gani: in ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, in akwai ɓarɓashin ƙarfe, haƙora suna cin juna. Duba inda aka yi walda a kusa da mazaunin giya, domin nan tsagewa ke farawa. In da hali, a ɗaura a kan tarakta a kunna. Injin da ke karkarwa kamar mai zazzaɓi, wuƙaƙensa ba su daidaita ba ko sandarsa ta lanƙwashe.

Tambaya ta huɗu ita ce wadda 'yan kasuwa suka fi kowa ganewa: in ya lalace, ina kayan gyara? Kun ga abin da iyakoki suka yi mana. Najeriya ta rufe nata daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Gadar Malanville da Gaya ta tsaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kaya suka koma kwale-kwale da dogon zagaye. Wanda injinsa ke jiran wuƙa daga wata ƙasa, ciyawa ba za ta jira shi ba. Saboda haka tun ranar saye ka haɗa da wuƙaƙe saiti biyu, notocinsu, notocin kariya masu yawa, robar tare mai, da gwangwanin giris. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tambaya ko ana samun irin wuƙarsa a Paraku, ko a Legas da Kano ga na gefen Najeriya. A Benin akwai kamfanin gwamnati na injinan noma, SoNaMA, da ke Ouidah, inda ake harhaɗa taraktocin Mahindra. Ya kamata ka ji farashinsu da sharuɗɗansu kafin ka yanke shawara a kan na hannu. In kuma za ka tsallaka da inji wata ƙasa, ka riƙe rasiti mai lambar injin da takardun duwan, ka kuma zauna da mai fiton kaya ya faɗa maka kuɗin fito kafin ka biya kuɗin kaya.

Yanzu ga wata tambaya da mai sayarwa ba zai yi maka ba: shin sai ka saya? Lissafin mai sauƙi ne. Ka ninka faɗin inji da gudun tarakta, ka raba da goma. Mita ɗaya da rabi, a gudun kilomita biyar cikin awa, ya ba da kashi uku cikin huɗu na hekta. Cire juyawa da tsayawa, ka ce rabin hekta a awa. Mai hekta goma da zai yanka sau biyu a shekara, aikin awa 40 ne, kwana biyar ko shida. Sauran shekarar injin yana kwance yana tsatsa, kuɗin bijimai yana kwance tare da shi. Ga irin wannan mutum, haya ta fi, ko kuma mutum biyar ko goma su haɗa kuɗi su saya tare, su sa direba ɗaya amintacce, su rubuta jerin wanda za a fara yi wa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin makiyaya irin ANOPER sun riga sun nuna ana iya tafiyar da kasuwar shanu a haɗe, to inji ma haka. Mai hekta ɗaya ko biyu kuwa, ƙaramin injin rataye a kafaɗa da lauje sun wadatar. Shi kuma ɗan kasuwar da ke da tarakta, ga sana'a: yankan haya, da sayar da damin ingirici ga masu turken raguna. Duk wanda ya ga yadda harawa ke tsada a Zango gab da babbar Sallah ya san akwai kasuwa.

In inji ya iso, ga yadda za ka yi kada ka kashe gonarka da shi. Gamba da Panicum, wanda ake shukawa a gonakin kiwon gwamnati irin na Okpara kusa da Paraku, ciyayi ne masu tsiro dunƙule-dunƙule, kuma daga gindi suke sake tohowa. Kada a aske su ƙasa. A bar kamar taƙi guda, santimita 15 zuwa 20. Wannan tsayin yana kuma tsare wuƙa daga duwatsu. Bayan yanka a ba fili hutun mako huɗu zuwa shida kafin a mayar da shanu. In ingirici ake so, a yanka lokacin da ciyawa ta soma fitar da kai, ba bayan ta bushe a tsaye ba. Ciyawar da ta bushe a tsaye cika ciki kawai take yi, sinadarin gina jikinta ya zube ƙasa da abin da tumbin saniya ke bukata, shi ya sa za ka ga dabba tana ci tana ramewa. A arewa ƙarshen damina ne lokacin, sa'ad da ake samun rana kwana biyu uku a jere. A kudu, inda damina biyu ce kuma raɓa ta yi yawa, a nemi tsakanin ruwan, wajen watan Agusta, ko farkon rani. Kada a tara ciyawa da danshi: za ta yi fumfuna, wani lokaci ta yi zafi har ta kama wuta da kanta. Masu neman irin shuka a gefen Najeriya, cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe a wannan aiki.

Magana ta ƙarshe ta rai ce. Juyi 540 a minti, tara ke nan a daƙiƙa ɗaya. In kardan ya kama bakin riga ko rawani ko zane, kafin mutum ya yi ihu ya naɗe shi. Mu kuwa masu manyan riguna ne. Direba ya sa kaya matsattsu. Robar da ke rufe kardan kada a cire ta, in ta fashe a sake. Ba a leƙa ƙarƙashin inji sai an kashe tarakta, an zare makulli, wuƙa ta tsaya cik, an kuma tokare injin da katako. Wuƙar tana harba dutse nesa kamar harsashi, saboda haka yara da dabbobi da 'yan kallo su yi nisa sosai. Kafin a shiga sabon fili, a zaga da ƙafa a kafa sanda a kan kowane kututture da suri da rami. Kuma ba a ɗaukar kowa a kan tarakta in ana yanka.

To jama'a, in za a aiko ka sayen inji, ko kai ne mai aikowa, ku rubuta amsar abu huɗu a takarda kafin kuɗi ya fita: wane aiki, wace tarakta, wane irin fili, ina kayan gyara. Araha ba ta ado, tsada kuma ba ita ce dacewa ba. Masu tambaya su aiko ta hannun wakilanmu na kasuwannin iyaka, za mu amsa a shiri na gaba, inda za mu yi magana kan ɗaurin ingirici da gina rumfar ajiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare dukiya, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.